Sharhi: Abin da makin JAMB ke nufi ga mai neman gurbi a jami'a

A duk shekara, da zarar Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, ta fitar da sakamako, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidaje: nawa yaro ya ci? Sai dai wannan adadi ba shi kaɗai ke buɗe ƙofar jami'a ba, kuma rashin fahimtar hakan yana zaunar da ɗalibai da dama a gida har shekara guda.

Jarrabawar UTME, wadda tun 2015 ake rubuta ta gaba ɗaya a kwamfuta, darussa huɗu ce. Turanci wajibi ne ga kowa, da tambayoyi 60. Sauran ukun, waɗanda ake zaɓa bisa fannin da ɗalibi ke son karanta, kowanne tambayoyi 40. Jimilla 180 ke nan cikin awa biyu, wato kimanin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Kowane darasi maki 100 ne, gaba ɗaya 400. Ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka barin tambaya ba a taɓa ba asara ce kawai. Ɗalibin da bai saba da kwamfuta ba kuwa, da lokaci yake fara kokawa kafin ya kai ga darasin.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne mafi ƙarancin maki. A taron tsara manufofin ɗaukar ɗalibai na 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Wannan iyaka ce da ba a yarda makaranta ta sauka ƙasa da ita ba, ba alkawarin gurbi ba ne. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma mai neman aikin likita ko shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero yana gogayya ne da waɗanda suka zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Galibin jami'o'i suna haɗa makin UTME da na tantancewarsu, sannan su nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci.

A jami'o'in tarayya akwai kuma rabon gurabe: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Shi ya sa ɗalibai biyu masu maki iri ɗaya kan samu sakamako daban, abin da iyaye kan ɗauka son kai ne.

Tun 2017 duk wani gurbi sai ya bi ta manhajar CAPS, kuma wanda aka bayar ta bayan fage hukumar ba ta amincewa da shi. Ɗalibin da makinsa bai kai ga fannin da ya zaɓa ba yana da damar sauya fanni ko makaranta a cibiyoyin da JAMB ta amince da su, muddin darussa huɗun da ya rubuta sun dace da sabon fannin.