Lambar Aro Ba Ta Rufe Katarar Mota

Sanin kowa ne cewa motocin da ke jigilar albasa da shinkafa daga Wurno da Goronyo da Rabah zuwa Sakkwato suna shan wuya. Idan wata ta yi haɗari ta zama tarkace, takardunta kan rage lafiya lau a aljihun mai ita. A nan ne jarabawa take. Sai a sami wata motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, ko wadda aka harhaɗa daga sassa daban-daban, a yanko lambar shasin matacciyar a liƙa mata da walda. Ko a Amurka da Ingila, masu ƙera kwaikwayon tsofaffin motoci irin su Cobra sukan faɗa wannan rami.

Wannan dabara ba ta da riba, kuma kimiyya ce ke tona ta. Tun 1981 aka daidaita lambar shasi a Amurka ta zama haruffa da alƙaluma 17, waɗanda ke bayyana ƙasa da kamfani da samfurin mota. Ba a amfani da I da O da Q, don kada su rikice da 1 da 0. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, gurbi na 9 sakamakon lissafi ne na sauran, saboda haka wanda ya sauya alƙalami ɗaya yakan ɓata lissafin. Bugu da ƙari, buga lamba yana danne ƙwayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ko an goge ta, masu bincike kan shafa ruwan asid, tsohuwar lambar ta sake fitowa. Motocin zamani kuwa suna ajiye lambar a cikin kwamfutarsu.

Ta fuskar doka ma ƙofa sai ƙara rufewa take yi. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa irin na Illela, a 2022 kuma hukumar kwastan ta fara ƙayyade haraji da lambar shasi. Wanda aka kama da lambar aro yana fuskantar tuhumar yin jabu, ko karɓar kayan sata, a kuma ƙwace motar. Kamfanin inshora na iya ƙin biyansa diyya.

Abin takaici shi ne, wanda ya yi waldar ba kasafai yake shiga hannu ba. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi motar shi ne za a tare a shinge. Don haka wajibi ne mai saye ya gwada lambar da ke jikin shasi da ta gindin gilashi da ta takardun kwastan kafin ya ƙirga kuɗi, ya kuma guji duk wadda ke da tabon walda a kusa da lambarta. Araha dai ba ta ado.