Salula a hannun ɗan lakol: Damargu ta koyi darasi tun da wuri

Ƴan uwa matasa, duk lokacin da zancen ilimi ya taso a wannan shafi, kukanmu guda ne: a kai rezo ƙauyuka, a ba yara kayan karatun zamani. Ina cikin masu wannan kira, kuma ban janye ba. Sai dai akwai tambayar da ya kamata ta tafi tare da shi: mi karatu ta salula yake yi wa hankalin yaro?

Mu duba waɗanda suka riga mu. A 2018 Faransa ta kafa dokar hana amfani da salula a makarantun firamare da kolej. A 2021 ƙasar Sin ta hana shiga aji da ita, ta kuma taƙaita wasannin intanet ga ƴan ƙasa da shekara 18 zuwa awa 3 a mako. Suwidin, wadda ta daɗe da cika azuzuwa da na'urori, ta fara komawa ga littafin takarda a 2023. A shekarar ne kuma UNESCO ta ja kunnen gwamnatoci kada a sa na'ura a aji sai in za ta taimaki karatu. A 2024 Ostareliya ta yi dokar hana ƴan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. Ba talauci ya sa su haka ba. Abin da suke kuka da shi shi ne rashin barci, rarrabuwar hankali, damuwa, da cin zarafin yara a intanet.

To, mu fa a Damargu? Da korona ta sa aka rufe makarantun Nijar a watan Maris na 2020, har zuwa farkon Yuni, yaran Turai sun ci gaba da darasi ta kwamfuta suna kukan kaɗaici. Yaran Gangara da Olelewa da Tarka kuwa zama kawai suka yi. Yau lamarin yana sakewa: salula ta yi arha, Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, kuma ƴan ajin jarrabawar BEPC da BAC suna karɓar darasi da tsofaffin tambayoyi ta WhatsApp.

Nan ciwon ya rabu biyu. Ga yaron da ba shi da salula, ko yana da ita babu kuɗin forfe da na caji. Da safe ya tarar abokansa sun yi aikin da shi bai ma gani ba. Kullum yana baya, kullum yana jin kunya, har ya yarda kansa ne ba ya ja, alhali aljihun babansa ne ba ya ja. Ga kuma wanda ya samu: an ba shi don karatu, ya kwana a TikTok, ya zo aji yana gyangyaɗi. Uwaye da yawa ba su iya karanta abin da ke kan allon ba, balle su tsawata.

Na ɗiya mace ya fi muni. Hoto guda ko saƙon murya guda ya yawata a garin da kowa ya san kowa, shi ke nan. Ita da ya kamata a kare, ita za a cire daga lakol, wata sa'a ma a ɗaura mata aure.

Kuma wa zai saurare su? In yaro ya yi shiru, mu ce miskilanci. In ya daina fahimta, mu ce ƙyuya. In yarinya ta faɗi a aji, mu ce aljanu. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne, kuma ba kowane uba ne zai biya mota don "damuwa" ba.

Shi ya sa nake ganin mu ƙara sharuɗɗa a kan kiranmu. Duk aikin da malami ya tura ta WhatsApp, ya rubuta shi a allo, kada a hukunta yaro don talauci. Kwamitocin uwayen yara na Tanut da Balbeji su zauna da malamai su tsaida lokaci: babu tura darasi bayan sallar isha'i. A kowace kolej a horar da malami guda da malama guda waɗanda yaro zai kai wa kuka ba tare da an tona masa asiri ba. Duk wani shiri, na gwamnati ko na ƙungiya, da zai kawo na'urori, ya faɗa mana tun farko yadda zai kare yaran.

Ku kuma da ke Yamai da Damagaram kuna aika wa ƙannenku tsohuwar salula gida, aikin bai ƙare a tasha ba. Ku kira, ku tambayi ƙarfe nawa suke kwanciya, wa ke damun su a guruf, mi suke kallo. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Faransa da Suwidin ya riga ya kama.

Malamai da uwayen Damargu, ku faɗa mana abin da kuke gani a azuzuwanku da gidajenku. Da shi za mu je gaban hukumomin ilimi na jiha.