Badagiri, Garin da Ba Dutse

Yau labarinmu na bakin teku ne, amma ƙarshensa a ƙofar gidanmu ya ke.

Badagiri ƙaramin gari ne yamma da Ikko, tsakaninsu kamar mil 40. A dā tashar jiragen ruwa ce mai suna, ta nan aka fitar da bayi masu yawa zuwa Amurka. A nan ne kuma Bature Kilafatan ya sauka cikin 1825, ya bi ta ƙasa har ya kai Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu can cikin 1827. Da Ikko ta kafu sai ciniki ya koma can, Badagiri ta zama garin masunta da masu kwakwa.

Wanda ya je, abin da zai fara lura da shi, garin ba a bakin tekun sosai ya ke ba. Wani ruwa ne kwantacce a gabansa, sai an haye shi da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka rairayi, kāna a ga igiyar teku. Abu na biyu kuwa, wanda zai ba mutumin Dutsin-Ma mamaki, duk gaɓar nan ba dutse ko na jifan kare. Rairayi ne zalla.

To, ina rairayin ya fito? Masana sun ce dutse ne ya niƙe. Duwatsun nan namu, irin wanda Dutsin-Ma ta ci sunansa, narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sa'an nan ruwa ya share ƙasar da ta rufe shi. Zafin rana da sanyin dare da ruwan sama su ke ɓamɓare shi kaɗan kaɗan, har ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama yashi. Yashinmu Karaduwa ke kwasa, ta miƙa wa Bunsuru, Bunsuru ta kai Rima, daga nan sai Kwara, sai teku. Na Badagiri kuwa daga yamma ya ke zuwa, daga wajen kogin Balta na ƙasar Gana, domin igiyar ruwa a karkace ta ke bugun gaɓa, kullum tana tura rairayi gabas. Watau gaɓar nan tamkar kasuwa ce, abin da ya shigo shi ke maye gurbin abin da ya fita.

Ga abin da ke faruwa in aka tare hanyar. Tun 1908 Turawa suka shiga gina dogayen ganuwoyi cikin teku a bakin tashar Ikko, don kada rairayi ya toshe wa jirage mashiga. Da ya ke ba dutse a wurin, daga Abeokuta aka yi ta jigilarsa da jirgin ƙasa. Tasha ta gyaru, amma rairayi ya taru yamma da ganuwa, gabas kuwa teku ta yi ta cin gaɓa shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Haka kuma garin Keta na Gana: bayan an datse Balta a Akosombo cikin 1965 cin gaɓa ya tsananta, gidaje da yawa suka tafi cikin ruwa, har da sashen ganuwar da mutanen Danmak suka gina cikin 1784.

Jama'a, hukuncin teku da na rafi ɗaya ne. Tun da aka buɗe jami'a a Dutsin-Ma cikin 2011 gini ya yawaita, kowane bulo kuwa da yashi a ke buga shi. In aka haƙe yashin rafi fiye da abin da damina ke kawowa, ruwa zai biya kansa daga gaɓa, watau daga gonar talaka da gindin gada. Yashin nan kuma shi ke riƙe ruwan da mata ke tono da rani. Ƙasar da ta zaizaye daga gonakin da aka sare wa itatuwa, ita kuma ta gangara ta kwanta cikin madatsar Zobe da aka gama cikin 1983, ta rage mata ciki.

Saboda haka muna roƙon hakimai da dagatai da hukuma su keɓe wuraren ɗiban yashi, nesa da gada da gonaki, a kuma dasa itatuwa a bakin rafi. Malamai kuwa, ku fita da yara gindin dutse bayan ruwan farko, su ɗebi yashi da hannunsu, su gwada ƙwayarsa da jikin dutsen. Gani ya kori ji.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.