Baƙuwar Lamba: Wa Ke Da Ita?

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ɗan Arewa mazaunin Kurmi ya huta da jiran direban babbar mota ya kawo masa saƙon gida. Amma fa sauƙin ya zo da nasa ciwon kai. Mai sayar da albasa a Mile 12 ta Ikko, ko mai canji a Sabon Badun, sai baƙuwar lamba ta bugo masa, a ce tsohuwarsa tana kwance asibiti a Gusau, ya aiko da kuɗin magani maza-maza. Kafin ya gane ko wane ne, an yi gaba da jarinsa.

Abin da jama'a suka dogara da shi wajen gane mai lamba shi ne Truecaller, watau manhajar wani kamfani na ƙasar Suwidin. Ya kamata a san cewa sunayen nan ba daga hukuma suke ba. Yawanci daga wayoyin masu amfani da ita ake kwaso su. Sunan da mutane suka laƙaba wa lamba, shi za a gani. Mazambaci ma yana iya kiran kansa Dakta ko Manajan Banki, a gani a gaskata. Ga kuma layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, alhali tsohon suna yana nan. Waɗansu kan sa lambar a OPay kamar za su aika kuɗi, su duba sunan da zai fito. Wannan ya fi ƙarfi, amma sai in mai lambar yana da asusu a can.

Ainihin sunan mai layi yana hannun kamfanonin waya, tun da Hukumar Sadarwa, NCC, ta soma rajistar layuka a 2011, aka kuma umarci a haɗa su da lambar ɗan ƙasa, NIN, a watan Disamba na 2020. Ba a ba kowa wannan bayani sai jami'an tsaro ta hanyar doka, kuma hakan daidai ne.

A nan ne babban haɗarin yake. Wanda ya ari NIN ɗinsa ga abokin kwana a shago don ya yanki layi, ran da 'yan sanda suka bi sawun lambar da aka nemi kuɗin fansa da ita, sunansa za su tarar. Baƙo kuwa, nesa da gida, samun mai tsaya masa ba ƙaramin aiki ba ne.

Lalle ne Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su yi wa jama'arsu shela a kan haka. Wanda aka buga wa da labarin rashin lafiya ko haɗarin mota, ya katse, ya kira wani na gida wanda ya san lambarsa da muryarsa, kafin ya fid da ko kwabo.