Makamin Rasha mai injin nukiliya: tsohon zance ne ya dawo

A watan Oktoba na 2025 ne babban hafsan sojojin Rasha, Janar Valery Gerasimov, ya shaida wa Shugaba Putin cewa makaminsu mai linzami, Burevestnik, ya yi tafiyar kilomita 14,000 cikin kimanin sa'o'i 15. Wannan dai faɗar Rasha ce. Abin da ya ɗaga hankalin duniya shi ne tukunyar nukiliya ce ke tura shi.

Ɗora tukunyar a sama ba shi ne kaɗai wuyar aikin ba, sai an samu na'urorin da za su jure zama kusa da ita. Duk wanda ya saba bin tirela ya san bambancin birkin mai da birkin iska. Galibin manyan jiragen sama da matsin mai suke sauke tayoyi, da shi suke juya akala. To amma a gefen tukunyar nukiliya, tsananin zafi da tururin nukiliya kan lalata man, robobin da ke hana yoyo kuma su bushe su tsage. Iska kuwa ba ta kama wuta, ba ta daskarewa kamar danƙo. Illarta ita ce tana matsuwa, saboda haka saita ta daidai yana da wuya, ƙarafan kuma dole su riƙa gugar juna ba tare da man shafawa ba.

Amurkawa sun sha wannan wahala a shirinsu na Pluto da suka fara a 1957. Injinan iskar da ke sarrafa tukunyar sai da aka ƙera su yadda za su yi aiki sun yi ja zur don zafi. A 1964 sun kunna injin na tsawon minti 5 a hamadar Nebada, ya kuma yi aiki. Duk da haka a shekarar suka rufe shirin, bai taɓa tashi ba. Makaman roka sun fi shi sauri, sannan ta kan garin wa za a gwada abin da ke barin tururi a bayansa?

A ganina har yau ba a amsa wannan tambaya ba. A watan Agusta na 2019 wani abu ya fashe a wurin gwajin makamai na Nyonoksa da ke arewacin Rasha, ma'aikatan hukumar nukiliya ta Rosatom 5 suka mutu, tururi ya ƙaru a birnin Severodvinsk. Amurka ta danganta haɗarin da Burevestnik.