"Ban Ja Ba" Dabam, "Na Aikata" Dabam

A ƙasar Amurka, idan an karanta wa mutum tuhuma gaban alƙali, hanya uku gare shi: ko ya amsa laifi, ko ya musa, ko kuwa ya ce, "Ba na jayayya." Ta ukun nan ba a karɓarta sai da yardar alƙali, kuma hukuncinta ɗaya ne da na wanda ya amsa, watau tara ko ɗauri. Bambancin yana wuri guda. Wanda ya amsa laifi, in wanda aka cuta ya nemi diyya daga baya, za a kama shi da maganar bakinsa. Wanda ya ce ba ya jayayya kuwa, a kotunan tarayyarsu ba a kafa masa hujja da ita, sai mai ƙara ya kawo shaidunsa. Ta wannan ƙofa Spiro Agnew, Mataimakin Shugaban Amurka, ya fita a 1973, sa'ad da aka tuhume shi da zamba cikin haraji. Ya sauka daga muƙaminsa, aka ci shi tarar dala 10,000, ba a ɗaure shi ba.

Mu dokarmu ba ta san wannan ƙofa ba, kuma a ganina ba mu yi hasara ba, domin mai hali ita ke yi wa rana. Tsarin shari'ar laifi da aka kafa wa Arewa a 1960 ya ce a rubuta amsar wanda ake tuhuma da kalmominsa gwargwadon iko. Dokar Tarayya ta 2015 kuma ta ce wanda ya yi shiru a rubuta ya musa, hakanan wanda ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne.

To, ga inda haɗarin yake. Manomi daga Kiyawa ko Birnin Kudu, in ya tsaya gaban alƙali a Dutse, ladabi da tsoro sukan sa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ja ba." Wannan ba iƙrari ba ne. In tafinta ya juya ta, aka rubuta "ya amsa laifi", an tura mutum gidan kaso da alƙalami, ba da shaida ba.

Saboda haka, akawunan kotu da tafintoci, ku faɗi abin da kuka ji, ku rubuta abin da aka faɗa, in da shakka a sake tambaya. Malaman makaranta kuma, ku koya wa yara cewa musun abin da ba ka yi ba gaban alƙali ba rashin kunya ba ne.