Kafin jam'iyyu su dawo, mu san abin da akidu suka ƙunsa

Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, muhawara ba ta mutu ba a ƙasar nan, mazauni kawai ta sauya. Ta koma fada wurin shan shayi, ta koma Facebook da WhatsApp. A can kalmomi irin su gurguzu, jari-hujja, kishin ƙasa da haɗin kan Afirka ke yawo a bakin matasa kamar goro ranar suna. Amma tambayi mai maganar abin da gurguzu ya ce game da gonar mahaifinsa, sai ka ji shiru.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Fiye da shekaru 30 na siyasar jam'iyyu, tun daga taron ƙasa na 1991, ba su koya wa talaka akida ba. PNDS-Tarayya ta kasance cikin ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya, amma a 1994 ta fice daga ƙawancen AFC ta haɗa kai da MNSD-Nassara, jam'iyyar da aka ƙulla ƙawancen don kayar da ita. CDS-Rahama ta bi sahu a 1999. Lumana ta mara wa Mahamadou Issoufou baya a 2011, suka raba gari a 2013, MNSD kuma ta shiga gwamnatinsa a 2016. Da wuya ka nuna wata rabuwa a cikin waɗannan da ta samo asali daga saɓani kan haraji ko tsarin makaranta. Talaka ya gani, ya yanke cewa a siyasa mutum ake bi, ko yanki.

Alhali akida ta sha shiga aljihunsa ba tare da sallama ba. Bayan samun ƴancin kai, cinikin gyaɗar Maraɗi da Damagaram yana hannun SONARA, bisa ra'ayin cewa gwamnati ce ta fi cancantar riƙe babban ciniki. A shekarun 1980 asusun FMI da Bankin Duniya suka zo da akasin haka, irin ra'ayin da Margaret Thatcher ta ɗora Ingila a kai: gwamnati ta janye hannu, ta rage kashe kuɗi, ta sayar da kamfanoninta. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 tsarin tsuke bakin aljihu suka fito ƙi. A Janairun 1994 aka karya darajar Sefa da rabi, a 2001 kuma aka miƙa rabon ruwan sha na birane da kamfanin SONITEL ga ƴan kasuwa na waje.

Yau akalar ta sake juyawa. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakin ƙasa, jama'a da dama suka yi murna, kuma muna fahimtar dalilinsu. Sai dai wannan ma zaɓin akida ne, mai tarihinsa a nan da sauran ƙasashe. Wanda ya karanta wannan tarihi ba zai tsaya ga tafi ba. Zai tambayi wa ke binciken asusun kamfanin, ina kuɗin uranium za su shiga, kuma me ya durƙusar da kamfanonin gwamnati na jiya.

Karatun kuma yana hana mutum zubar da tuwo saboda ƙuda. Akidar sassauci da ta haifi tsare-tsaren FMI ita ce kuma ta nace cewa kada a tsare mutum ba tare da alƙali ba, kuma a bar jarida ta yi magana. Gurguzun da ya tsaya wa ma'aikaci, a Tarayyar Sobiyet da wurare da yawa ya ƙare da jam'iyya ɗaya da gidajen kaso.

Masu cewa wannan duk kayan Turawa ne sun manta da Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Sun manta kuma cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a jihar Tawa ta yau, ya yi rubutu kan harajin zalunci da haƙƙin talaka a kan mai mulki.

Muna da jami'o'i a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma akwai malaman tarihi, shari'a da tattalin arziki a cikinsu. Matsalar ita ce iliminsu yana kulle cikin Faransanci, a azuzuwan da manomi da ɗan kabu-kabu ba sa shiga. Muna kira ga gidajen rediyo, na gwamnati da masu zaman kansu, su ware awa guda a mako a gayyato waɗannan malamai su yi bayani da Hausa da Zabarmanci, a buɗe layin waya ga masu sauraro, kuma a haɗa masu ra'ayoyi mabambanta a zama ɗaya. Mu ma a namu ɓangaren, shafinmu a buɗe yake ga duk malamin da ya shirya rubutawa da Hausa.